Gidajen da Kuɗin Haya Ya Gina: Tashi da Faɗuwar Babban Gida a Karkarar Ayilan

Duk wanda ya bi ƙananan hanyoyin karkarar Ayilan zai yi ta cin karo da wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai. Doguwar katangar dutse ce za ta bi gefen hanya har tsawon mil guda ko biyu, sai a iske ƙofar ƙarfe mai ginshiƙai da ɗan ɗakin mai gadi a gefenta, amma idan aka leƙa ciki, sau da yawa babu komai sai shanu suna kiwo, ko kangon gini da ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe, ko kuma filin wasan golf da otal. Mutanen wurin suna kiran abin da ke tsaye a can a da da suna guda, wato Babban Gida, kuma girman ginin ba shi kaɗai suke nufi ba. Suna nufin gidan mai ƙasa, wanda duk manomin yankin ke kai masa kuɗin haya sau biyu a shekara, wanda shi ne alƙalin ƙananan laifuka, kuma shi ne ke zaɓar wanda zai wakilci gundumar a majalisa. An fi tuna ƙarshen waɗannan gidaje da gobarar da aka cinna musu tsakanin 1920 da 1923, sai dai wutar ta ci kaɗan ne daga cikinsu. Abin da ya kashe mafi yawansu shi ne raba su da aka yi da gonakin da ke ciyar da su.

Kafin a fahimci gidan, sai an fahimci yadda ƙasar ta shiga hannun masu shi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 16 masarautar Ingila ta riƙa ƙwace filaye daga sarakunan gargajiyar Ayilan tana raba wa baƙi daga Ingila da Sikotilan, da farko a gundumomin Laois da Offaly, sannan a lardin Munster na kudu, sannan a lardin Ulster na arewa daga 1609. Bayan yaƙin Oliver Cromwell, jagoran sojan Ingila, wanda ya sauka a tsibirin a 1649, an biya sojoji da waɗanda suka ba da rancen yaƙi da filayen 'yan Katolika, aka kora masu su na asali zuwa yammacin kogin Shannon. Kayen da Sarki James na Biyu, ɗan Katolika, ya sha a Boyne a 1690 da wanda magoya bayansa suka sha a Aughrim a 1691 sun kawo wani sabon zagaye na ƙwace. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a 1641 'yan Katolika na riƙe da kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙasar, amma zuwa 1703 abin da ya rage a hannunsu bai wuce kashi 14 ba, alhali su ne mafi rinjayen jama'a.

Dokar da majalisar Dublin ta kafa a 1704 ta ƙara dagula lamarin ta wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. An hana ɗan Katolika sayen fili, an hana shi karɓar haya ta fiye da shekara 31, kuma idan ya mutu dole a raba gonarsa tsakanin dukan 'ya'yansa maza, sai fa idan babban ɗa ya koma ɗariƙar Furotesta ta gwamnati, sannan ya kwashe duka. A ɓangaren masu mulki kuwa al'adar akasin haka ce: babban ɗa ne ke gadon ƙasar baki ɗaya, kuma ana ɗaure ta da yarjejeniyar iyali yadda shi kansa ba zai iya sayar da ita ba. Ke nan rabon gado, wanda a wasu al'ummomi adalci ne, a nan an mayar da shi makamin tsinka dukiyar wani ɓangare, yayin da ta ɗaya ɓangaren ke taruwa wuri guda tsara bayan tsara. Wasu tsoffin gidajen sarauta sun tsira ta hanyar sauya ɗariƙa, kamar zuriyar O'Brien ta Dromoland, wasu kaɗan kuma, irin su zuriyar O'Conor ta Roscommon, sun riƙe addininsu da ɗan abin da ya saura na ƙasarsu.

Sai da hankali ya kwanta bayan 1691 aka yawaita gina gidajen da ba na tsaro ba. Kafin nan galibi mai ƙasa a hasumiyar dutse mai ƙananan tagogi yake kwana. Gidan da ya buɗe sabon babi shi ne Castletown a gundumar Kildare, wanda aka fara ginawa a 1722 domin William Conolly, kakakin majalisar wakilan Ayilan. Conolly ba ɗan sarauta ba ne. An ce ɗan mai masaukin baƙi ne daga Ballyshannon a Donegal, kuma ya tara dukiyarsa ne ta sayen filayen da aka ƙwace bayan yaƙi a farashi mai rahusa. Ɗan Italiya Alessandro Galilei ya zana fuskar gidan, Edward Lovett Pearce ya ci gaba da aikin, bisa salon Palladio: babban gini a tsakiya, da barandu masu ginshiƙai da suka lanƙwasa hagu da dama zuwa fikafikai biyu, ɗaya na kicin, ɗaya na dawaki. Daga nan aka shiga gasa. Bajamushe Richard Cassels ya zana Powerscourt da Russborough a Wicklow, da Carton na zuriyar FitzGerald a Kildare, da Westport a Mayo, 'yan'uwan nan Lafranchini, masu adon filasta daga yankin Suwizalan mai magana da Italiyanci, suka ƙawata rufin ɗakunan wasu daga cikinsu da siffofin furanni da mutane. Mai Russborough, Joseph Leeson, gadon sana'ar giya ne ya ba shi kuɗin ginin. Wannan ya nuna cewa da yawa daga cikin gidajen sababbin masu kuɗi ne suka gina su domin su saya wa kansu asali.

Abin da baƙon yau ke gani a matsayin gida, a zamaninsa hedikwatar wata ƙaramar hukuma ce. Ƙasar mai gida kashi biyu ce. Akwai gandun da ke cikin katanga, wanda ya ƙunshi makiyaya mai manyan itatuwa, da tafki, da lambu mai tasa katangar, da rumbuna, da ramin ajiye ƙanƙara, da dajin farauta. Sannan akwai dubban ekoki a wajen katanga da aka ba manoma haya. Mai ƙasa ba ya mu'amala da su kai tsaye, sai ta hannun wakili, wanda ke zama a ofishin gandu ranar biya, galibi a watan Mayu da Nuwamba, yana buɗe littafi. A ƙarni na 18 an saba ba wani ɗan tsakiya babban fili a haya mai tsawo, shi kuma ya yanka ya ba na ƙasa da shi, har a kai ga leburan da ke karɓar ɗan fegi na shekara guda domin ya shuka dankali, ya biya da ƙwadago. Kowane mataki yana cin ribarsa, nauyin duka kuma yana sauka a kan na ƙarshe. Ban da yankin Ulster, inda al'ada ta ba ɗan haya wani haƙƙi a kan gonarsa, manomin da ya gyara fili ko ya haƙa magudanar ruwa ba shi da tabbacin diyya idan aka tashe shi, kuma gyaran na iya jawo masa ƙarin haya.

Tsarin ginin kansa yana faɗin yadda masu gidan ke kallon waɗanda ke yi musu hidima. A Lissadell ta Sligo da Castle Coole ta Fermanagh an haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa domin barori da masu kawo kaya su shiga su fita ba tare da an hange su ta taga ba. A Strokestown ta Roscommon akwai baranda a saman kicin, inda uwargida za ta tsaya ta ba da umarnin girki ba tare da ta taka ƙasan da kuku ke aiki ba. Duk da haka ba daidai ba ne a ce gidajen ba su samar da komai ba sai zalunci. Su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata a karkara, masu su sun tsara garuruwa irin su Westport, kuma a Birr, Sarkin Rosse na uku ya kammala a 1845 madubin hangen taurari mai faɗin inci 72, wanda babu kamarsa a duniya sai a 1917. A lokacin yunwar 1740 zuwa 1741, matar marigayi Conolly, Katherine, ta sa an gina wata doguwar hasumiya da ba ta da wani amfani, don kawai mayunwata su sami aikin yi a biya su. Irin wannan taimako na gaske ne, amma ya dogara kacokan ga halin mai gida, kuma ɗan haya ba shi da inda zai kai ƙara idan magaji ya zo da wani hali daban.

Raunin tsarin yana cikin littafin lissafi. Da yake babban ɗa ne ke gadon ƙasa, dole a ɗora wa ƙasar nauyin sauran iyali: alawus na shekara ga matar marigayi, kuɗin aure ga 'yan mata, rabon ƙannen maza. Ga gina gida da rance, ga dawakin farauta, ga zaman Dublin ko Landan a lokacin bukukuwa. Da aka rufe majalisar Dublin aka haɗe Ayilan da Birtaniya daga 1 ga Janairun 1801, manyan masu ƙasa da yawa suka karkata ga Landan, kuɗin haya ya riƙa bin su can. Farashin amfanin gona ya faɗi bayan ƙarewar yaƙin Napoleon a 1815, amma ruwan bashi bai faɗi ba. Saboda haka gidaje da yawa sun riga sun nutse cikin jingina kafin cutar dankali ta bayyana a 1845.

Babbar yunwar da cutar ta haddasa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira; ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan 8, ta 1851 kuwa kimanin miliyan 6 da rabi. Gwamnatin Landan ta tsaya a kan cewa dukiyar Ayilan ce za ta ɗauki nauyin talaucin Ayilan, wato harajin kula da matalauta da ake karɓa a kowane yanki. Doka ta ce mai ƙasa ne zai biya harajin duk gonar da ƙimarta ba ta wuce fam 4 ba, don haka duk ƙaramin manomin da ya kasa biyan haya ya zama asara ninki biyu ga mai gida, kuma hanya mafi sauƙi ta rage asarar ita ce a kore shi a rushe bukkarsa. Wani sashe na dokar 1847, wanda William Gregory na gidan Coole Park ya gabatar, ya hana tallafi ga duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka, wanda ya tilasta wa dubbai su saki gonakinsu kafin a ba su abinci.

Strokestown ta nuna yadda wannan lissafi ya yi aiki a zahiri. Manjo Denis Mahon ya karɓi gandun a 1845 da tarin bashi da 'yan haya da suka daɗe ba su biya ba. Wakilinsa ya lissafa masa cewa biya wa mutum kuɗin jirgi zuwa Kanada sau ɗaya ya fi araha a kan ciyar da shi a gidan gajiyayyu har shekara. A 1847 mutum 1,490 suka tashi a ƙafa, suka bi gefen magudanar jiragen ruwa mai suna Royal Canal kimanin kilomita 165 zuwa Dublin, daga nan zuwa Liverpool, aka loda su a jirage huɗu zuwa Quebec. A ɗaya daga cikinsu, Virginius, mutum 158 cikin 476 sun mutu a teku da zazzaɓi kafin a isa. Ranar 2 ga Nuwamban shekarar aka harbe Mahon a hanyarsa ta komawa gida. A gundumar da ke maƙwabtaka, Mayo, George Henry Moore na Moore Hall ya yi wani abu daban: dokinsa Coranna ya lashe gasar Chester a 1846, ya sa wani kaso na kuɗin da ya ci wajen ciyar da 'yan hayarsa. Duka biyun masu ƙasa ne a ƙarƙashin doka ɗaya, kuma wannan bambanci ne ya sa hukunci guda ba ya dacewa da su duka.

Yunwar ta karya masu ƙasa da dama. Dokar 1849 ta kafa kotu ta musamman da ke sayar da gandun da bashi ya yi wa katutu, ba tare da la'akari da tsohuwar ɗaurin iyali ba, kuma miliyoyin ekoki suka sauya hannu, har da kusan eka 200,000 na zuriyar Martin a Connemara. Gwamnati ta yi tsammanin masu jari daga Ingila za su zo, amma mafi yawan masu sayen 'yan Ayilan ne, lauyoyi da 'yan kasuwa da sauran masu ƙasa, waɗanda riba suka zo nema. Shekaru kamar 25 da suka biyo baya sun yi wa masu ƙasa daɗi, saboda kiwon shanu domin kasuwar Ingila ya kawo kuɗi, har aka sake gina manyan gidaje masu kama da fadojin dā, irin su Kylemore a Galway da Glenveagh a Donegal, wanda mai shi John George Adair ya kori mutum 244 daga Derryveagh a 1861. Binciken mallakar filaye na 1876 ya nuna cewa ƙasa da mutum 800 ne ke riƙe da rabin tsibirin.

A ƙarshen shekarun 1870 aka yi damina mara kyau a jere, hatsi mai araha daga Amurka ya karya farashi, kuma a wannan karon 'yan haya suna da ilimi, da jaridu, da 'yan'uwa a Amurka masu aiko da kuɗi, da ƙuri'ar sirri da aka samu a 1872. Michael Davitt, wanda aka kori iyayensa daga gonarsu a Mayo yana yaro, ya kafa ƙungiyar Land League a 1879, Charles Stewart Parnell ya zama shugabanta, shi da kansa mai ƙasa ne ɗan Furotesta daga Avondale a Wicklow. Buƙatunsu uku ne: haya mai adalci, tabbacin zama a gona, da 'yancin sayar da haƙƙin haya. Makaminsu kuwa ƙauracewa. A 1880 leburori da masu shago da maƙeri suka juya wa Kyaftin Charles Boycott baya, wakilin Sarkin Erne a bakin tafkin Mask, har sai da aka kawo masu sa kai kusan 50 daga Ulster, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 suna gadinsu, domin a girbe amfanin gonar da kuɗin gadinsa ya ninka darajarsa sau da yawa. Daga sunansa Turanci ya samo kalmar da yake nufin ƙauracewa da ita.

Daga nan dokoki suka riƙa zare ginshiƙan Babban Gida ɗaya bayan ɗaya. Dokar Gladstone, firaministan Birtaniya, ta 1881 ta kafa Hukumar Filaye ta ba kotu ikon yanke haya, aka rage ta da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, alhali ruwan jingina da alawus na iyali suna nan yadda suke. Sabon harajin gado ya zo a 1894. Dokar ƙananan hukumomi ta 1898 ta ƙwace mulkin gundumomi daga hannun masu ƙasa ta miƙa wa zaɓaɓɓun majalisu. Amma wadda ta yi aikin gaske ita ce dokar George Wyndham, babban sakataren Birtaniya a Ayilan, ta 1903, kuma abin lura shi ne ba ta ƙwace komai ba. Gwamnatin Birtaniya ta biya mai ƙasa kuɗi a dunƙule, ta ƙara masa kashi 12 cikin ɗari a matsayin tukuici da zai iya sa wa aljihunsa, shi kuma manomi ya riƙa biyan gwamnati a hankali tsawon shekara 68 da rabi, abin da yake biya a shekara bai kai tsohuwar hayarsa ba. Kowa ya ga riba. Masu kula da dukiyar Sarkin Leinster na Carton suna cikin na farko, suka sayar da kusan eka 45,000 a shekarar. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya mafi yawan manoman Ayilan sun zama masu gonakinsu ko suna kan hanyar zama.

A ganina a nan ne Babban Gida ya mutu, ko da yake ya ci gaba da tsayuwa. Gidan da aka gina bisa hayar eka dubu goma yanzu ya rage da gandun cikin katanga da takardun hannun jari. Bayan an biya masu bin bashi, abin da ya saura an zuba shi a jarin jiragen ƙasa da takardun lamuni na ƙasashen waje, waɗanda yaƙi da hauhawar farashi da karyewar kasuwa a 1929 suka cinye darajar da yawa daga cikinsu. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya kuma ci magada, domin aikin hafsan soja shi ne sana'ar 'ya'yan waɗannan gidaje. A Carton abin ya zo da ban takaici: ƙaramin ɗa, wanda bai yi tsammanin gado ba, ya sayar wa wani attajiri haƙƙinsa na gaba domin ya biya bashin caca, ɗan'uwansa ɗaya ya mutu a yaƙi, babban ma ya rasu a 1922, sarautar ta faɗo masa ba tare da dukiyar ba. An sayar da gidan a 1949.

Gobarar ta zo ne a kan wannan rauni. Ƙididdigar da masanin tarihi Terence Dooley ya yi ta nuna an ƙone gidaje 76 a lokacin yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya har zuwa tsagaita wuta a Yulin 1921, da 199 daga baya, galibi a yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923. Dalilan sun cakuɗe. A Cork dakarun IRA, rundunar masu neman 'yanci, sun riƙa ƙone gidan mai goyon bayan Birtaniya a matsayin ramuwa idan sojoji suka ƙone gidajen manoma. Haka aka ƙone Castle Bernard a Yunin 1921 aka yi garkuwa da Sarkin Bandon. Wasu an ƙone su ne don kada a mayar da su bariki. A yaƙin basasa masu adawa da yarjejeniyar 1921, wadda ta ba kudancin Ayilan mulkin kai, suka ba da umarnin kai hari gidajen sanatocin sabuwar gwamnati, aka ƙone Palmerstown na Sarkin Mayo da Kilteragh na Horace Plunkett, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kafa ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Moore Hall ma ya ci wuta a Fabrairun 1923, duk da cewa zuriyar gidan 'yan Katolika ce, kuma ɗan'uwan kakansu John Moore ya shiga tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1798. Laifinsu shi ne Maurice Moore, ɗan gidan, ya zama sanata. Ƙarƙashin duk wannan akwai yunwar fili: dokokin saye sun amfani mai gonar haya, amma lebura da ƙaramin manomi ba su sami komai ba, suna kallon makiyayar cikin katanga, kuma sun san idan gida ya ƙone mai shi zai tafi a raba gandun. Yawanci ana ba iyalin 'yan mintoci su fito kafin a zuba fetur. Abin da ya fi salwanta shi ne hotuna da ɗakunan littattafai da takardun ɗaruruwan shekaru. Fadar Mitchelstown a Cork, da aka wawashe aka ƙone a Agustan 1922, duwatsunta ne aka kwasa aka gina sabon cocin gidan sufayen Katolika na Mount Melleray.

Sabuwar ƙasa ba ta buƙaci ashana ba. Dokar filaye ta 1923 ta ba Hukumar Filaye ikon saye na dole, har da filayen da ba na haya ba, ta raba wa ƙananan manoma, ta biya da takardun lamuni maimakon tsabar kuɗi. Hukumar fili take so, gida kuwa kaya ne a wuyanta. Ga harajin gine-gine da ake ɗorawa bisa ƙimar gida, wanda ba a biya idan babu rufi, don haka masu gida da yawa suka cire rufin da hannunsu, suka sayar da darma da katako da duwatsun murhu, ruwan sama ya ƙarasa aikin. Yawan 'yan Furotesta a gundumomi 26 na kudu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1911 da 1926. Coole Park, inda Lady Gregory, matar wancan William Gregory kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Abbey, ta karɓi baƙuncin manyan marubutan farfaɗo da adabin ƙasar, yana hannun gwamnati ne lokacin da aka rushe shi a 1941. Fadar Shanbally a Tipperary, zanen John Nash, da nakiya aka tarwatsa ta a 1960. Waɗanda suka tsira da yawa sun tsira ne saboda cocin Katolika ya saye su: Kylemore ya koma hannun mata masu zaman zuhudu na ɗariƙar Benedict da suka gudo daga Ypres ta Beljiyam, Emo Court ya koma ga limaman Jesuit, Ballyfin ya zama makaranta. A Arewacin Ayilan, wanda ya zauna cikin Birtaniya, hanyar ta bambanta, domin ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust ta karɓi Castle Coole da Castle Ward da Florence Court a farkon shekarun 1950.

Juyin ra'ayi a kudu ya zo a hankali kuma ba daga gwamnati ya fara ba. Muckross a Killarney kyauta aka ba ƙasa a 1932. Desmond da Mariga Guinness sun kafa ƙungiyar kare gine-ginen ƙarni na 18 a 1958, Desmond ya sayi Castletown a 1967 bayan an bar shi fanko ana fasa tagoginsa, kuma sai a 1994 ya shiga hannun gwamnati. An soke harajin gidajen zama a 1978, daga baya aka ba da sassaucin haraji ga mai gidan tarihi da ya yarda ya buɗe wa jama'a wasu kwanaki a shekara. Hujjar da ta yi tasiri ita ce, ko da baƙo ne ya zana gidan, magina da kafintoci da masu filasta na ƙasar ne suka ɗaga shi, kuma gumin 'yan haya ne ya biya. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai yawon buɗe ido ya fi ta aiki: Ashford da Dromoland da Adare da Carton da Ballyfin duk otal-otal ne yanzu, kuma mai ziyara yana iya kwana a cikinsu ya tafi bai ji sunan ɗan haya ko ɗaya ba.

Strokestown ta bi wata hanya, kusan bisa haɗari. A 1979 wani ɗan kasuwar garin mai sayar da manyan motoci, Jim Callery, ya sayi gidan daga zuriyar Mahon ta ƙarshe, da niyyar ya sami fili ya faɗaɗa garejinsa. A ɗakin ajiyar takardu ya iske dubban wasiƙu da littattafan haya, cikinsu har da takardar koke da mutanen Cloonahee, ƙauyensa, suka rubuta a 1846 suna roƙon aiki da abinci. Ya fasa rabuwa da gidan, kuma a 1994 aka buɗe gidan tarihin yunwa na ƙasa a tsohon bargar dawakinsa. Littattafan da wakili ya riƙa rubuta bashin kowane manomi a ciki su ne suka adana sunayen mutum 1,490 ɗin nan, kuma hanyar da suka bi zuwa Dublin yanzu an yi mata alama da ƙananan takalman tagulla a gefen magudanar ruwan.